Agogo Mai Tsada Ba Asusu Ba Ne: Raddi Ga Masu Cewa Ba Ya Faɗuwa

Akwai wata magana da ta yi ƙarfi a 'yan shekarun nan tsakanin 'yan kasuwa da manyan ma'aikata da matasan da Allah ya buɗa wa. Wai wanda ya sayi agogo mai suna, irin su Rolex ko Patek Philippe ko Audemars Piguet, bai kashe kuɗinsa ba, ajiye su ya yi. Ana cewa irin wannan agogo ba ya faɗuwa, kullum gaba yake yi, kuma duk ranar da ta ɓaci mutum zai kwance shi daga hannu ya mayar da shi kuɗi, har da riba a kai. Wasu ma sukan ƙara da cewa ya fi fili, tunda fili ba ya shiga aljihu a tafi da shi.

Masu wannan magana mutane ne da suka san kan ciniki, da yawansu sun ga jiya sun ga yau, kuma ba daga sama suka tsinci ra'ayin ba. Saboda haka ina girmama su, ina kuma girmama hujjarsu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ina son agogo, ina ganin ƙimar aikin hannun da ke cikinsa, kuma ina tsoron ranar da wani zai ɗauki jarinsa, ko kuɗin auren 'yarsa, ko amanar marayu, ya zuba a agogo bisa wannan zato. Idan aka bi maganar a hankali za a ga cewa wani ɓangare nata gaskiya ne, amma abin da aka gina a kan gaskiyar ya fi ƙarfinta.

Gaskiyar da ke cikin maganar

Adalci shi ne a fara da abin da ya sa maganar ta samu karɓuwa. Na farko shi ne faɗuwar naira. A 2019 ana canjin dala ɗaya a kan wajen naira 360. Bayan da aka saki farashin canji a watan Yunin 2023, ba a je ko'ina ba, cikin 2024, dala ta kai naira 1,500. Mutumin da ya sayi agogon dala 8,000 a 2019 ya biya abin da bai cika naira miliyan uku ba. A 2024 kuwa, idan aka ƙiyasta masa agogon a kan dala 8,000 ɗin nan, sai ya ji ana maganar naira miliyan goma sha biyu. Wanda ya ga haka da idonsa da wuya ka gamsar da shi cewa agogo ba ajiya ba ne, balle idan ya dubi abokinsa da ya bar nasa kuɗin a banki.

Na biyu, akwai wasu agoguna ƙalilan da farashinsu a hannun mutane ya zarce farashinsu a kantin kamfani. Daytona na Rolex, da Nautilus na Patek Philippe, da Royal Oak na Audemars Piguet, duk an ga hakan a kansu, kuma babu mai musu.

Na uku shi ne ƙarko. Agogo mai inji, wanda ake wanawa da hannu ko yake wana kansa da motsin hannu, yana iya yin shekara hamsin yana tafiya idan ana kula da shi. A gidaje da yawa a ƙasar Hausa akwai Seiko 5 ko Rado DiaStar da wani kaka ya kawo tsaraba daga aikin Hajji, har yau kuma idan aka girgiza shi sai ya tashi. Rado ya fito da DiaStar a 1962, Seiko 5 kuma ya fito a 1963. Kayan da ke jure wa zamani haka dole mutum ya ji cewa dukiya ce.

Ribar dala ce

Mu koma kan wancan mai agogon dala 8,000. Da a ce a 2019 ya je wurin 'yan canji a Wapa ya sayi dala 8,000 ya ajiye a akwati, a 2024 da naira miliyan goma sha biyun nan zai tarar, ba tare da ya biya kuɗin sabis ba, ba tare da fargabar ko jabu aka sayar masa ba, ba tare da ya nemi mai saye ba. Ashe abin da ya gani a matsayin ribar agogo faɗuwar naira ce kawai. Duk abin da ake yi wa kuɗi da dala ya yi irin wannan tashin a naira: mota, janareta, waya, har shinkafar waje. Ma'aunin da ya dace shi ne mutum ya tambayi kansa dala nawa ya biya, dala nawa kuma za a ba shi a hannu yau. Idan aka auna da wannan, mafi yawan agoguna masu tsada baya suke yi. Agogon da ba ya cikin 'yan tsirarun da ake rububi, da zarar ya bar kanti ya zama na hannu, sau da yawa yakan rasa kashi ɗaya cikin huɗu ko ɗaya cikin uku na kuɗinsa, ko da ba a ɗaura shi sau goma ba.

Abin da ya faru daga 2020 zuwa 2022

Yawancin masu cewa agogo ba ya faɗuwa sun fara lura da kasuwar ne a lokacin da ba a taɓa ganin irinsa ba. A 2020 annobar korona ta sa masana'antun agogo a Suwizalan suka rufe na makonni, kaya suka ragu. A daidai lokacin masu hali a Amurka da Turai da Asiya suna zaune a gida babu tafiye-tafiye, kuɗin ruwa a bankuna ya yi ƙasa ƙwarai, kuɗin kirifto kuma yana ta hauhawa. Kuɗi suka yi yawa a hannu, kaya suka yi kaɗan, sai farashi ya tashi kamar ba zai tsaya ba.

Nautilus na ƙarfe mai lamba 5711, wanda kuɗinsa a kanti bai wuce dala dubu talatin da 'yan kai ba, ya haura dala 150,000 a hannun dillalai bayan da Patek Philippe ya sanar a 2021 cewa zai daina yin sa. A watan Disambar 2021 kamfanin ya fitar da guda 170 masu fuska ruwan shuɗin Tiffany, kuɗin kowanne wajen dala 52,000, aka yi gwanjon ɗaya a gidan gwanjo na Phillips a birnin Niyok a kan dala miliyan shida da rabi. Daytona na ƙarfe, mai kuɗin kanti ƙasa da dala 15,000, ya kusanci dala 50,000. Har agogon MoonSwatch da Omega da Swatch suka fitar tare a watan Maris na 2022 a kan dala 260, mutane sun kwana a layi don su saya su sayar ninkin ba ninkin.

A cikin wannan watan na Maris ɗin 2022 babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa. Kirifto ya faɗi. Waɗanda suka sayi agogo don su juya shi suka fito da kayansu kasuwa lokaci guda, masu saye kuma suka ja baya. Cikin shekara biyu, ma'aunin farashin agogunan hannu da kamfanoni irin su WatchCharts ke bibiya ya sauka da kusan kashi ɗaya cikin uku. Daytona ɗin nan ya dawo wajen dala 30,000, Nautilus ya sauko kusa da dala 100,000, MoonSwatch ya koma kusan kuɗinsa na kanti. Wanda ya shiga a farkon 2022 bisa imanin cewa agogo ba ya faɗuwa ya yi asarar dubban daloli, kuma a kan agogunan da suka fi kowanne ƙarfi a kasuwa.

Mai karatu zai iya cewa ai har bayan faɗuwar, farashin ya fi na kanti. Haka ne. Sai dai kantin ba ya sayar wa kowa. Mutum ba zai shiga wurin dillalin da kamfani ya amince da shi ya ce a ba shi Daytona na ƙarfe a miƙo masa ba. Za a rubuta sunansa ya jira, wani lokaci shekaru, kuma sananne ne cewa waɗanda suka daɗe suna sayen wasu kayan a kantin su ake fara kira. Idan mutum ya sayi agoguna uku da ba ya so don a ba shi na huɗu, asarar da ya yi a kan ukun sai a cire ta daga ribar na huɗun. Baƙon da ya sauka a Dubai na kwana huɗu kuwa, farashin 'yan kasuwa zai biya, wato ribar ta riga ta shiga aljihun wani kafin agogon ya hau hannunsa.

Ranar sayarwa

Ajiya tana amsa sunanta ne ranar da aka buƙace ta. Mace ta ɗauki sarƙarta da 'yan kunnenta ta kai layin 'yan gwal. Mai shago ya goga a dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ce wannan karat 21 ne, wancan 18. Ya ɗora a sikeli, ya duba kuɗin giram na ranar, ya buga lissafi. Idan ba ta gamsu ba ta matsa shago na gaba, abin da za a faɗa mata ba zai yi nisa da na farko ba. Abin da ta rasa bai wuce kuɗin ƙira da ɗan bambancin saye da sayarwa ba, kuma kafin la'asar ta koma gida da kuɗinta.

To, Alhaji ya kwance agogonsa ya ɗora a gaban dillali. Musulmin da ke kiyaye hukuncin hana maza sanya zinari, na ƙarfe zai saya, ƙarfen kuma idan aka ɗora a sikeli bai kai kuɗin cefanen yini ba. Duk miliyoyin suna cikin suna, da lafiyar agogon, da takardunsa, da sha'awar mai saye. Dillali zai manna tabaron gani a ido ɗaya, ya juya agogon, ya ce: "Ranka ya daɗe, ina kwalinsa? Ina katinsa? Yaushe aka yi masa sabis, kuma wa ya yi? Na ga kamar an taɓa goge jikinsa da inji, gefunan sun kwanta. Sarƙar ma ta saki, kuma an cire mata gaɓa biyu, suna ina?" Kowace tambaya rage kuɗi take yi. Bayan an gama, shi ma dillalin sai ya cire tasa ribar, don shi zai zauna da kayan wata da watanni kafin ya samu mai saye. Farashin da Alhaji ya gani a intanet ya sa a ransa, farashin da ake nema ne, wanda aka sallama daban yake. Idan kuma gidan gwanjo na Turai aka kai, suna karɓar la'ada daga mai sayarwa, sannan su ɗora wa mai saye wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin, don haka adadin da jaridu ke bugawa ya fi abin da ke isa hannun mai kaya.

Ga kuma ɗawainiya. Injin agogo yana da ƙananan ƙarafa sama da ɗari da ke gogar juna dare da rana, man da ke tsakaninsu kuma yana bushewa. Rolex yana ba da shawarar a yi sabis kusan duk shekara goma, wasu kamfanonin ƙasa da haka, kuɗin kuma ɗaruruwan daloli ne, ga mai inji mai sarƙaƙiya ya fi haka. Zafin bazara da gumi suna cinye robar da ke hana ruwa da ƙura shiga. Masu gyaran agogonmu na kasuwa akwai gwanaye a cikinsu, amma manyan kamfanoni ba sa sayar musu da kayan gyara na asali, kuma ƙarfe ɗaya da ba na asali ba ya isa ya karya darajar agogon. A rabon gado ma abin yana zama matsala: gwal a auna, fili a kira masu ƙiyasi, agogo kuwa wannan ɗa ya ce miliyan ashirin ne, wancan ya kawo dillalin da ya ce takwas.

Darajar da ke rataye a kan sha'awa

Idan aikin agogo faɗin lokaci ne, to an daɗe da raba gardama. Hukumar COSC ta Suwizalan tana gwada inji kwana 15 kafin ta ba shi shaidar inganci, kuma ta yarda ya yi jinkirin daƙiƙa 4 ko gaggawar daƙiƙa 6 a rana. Rolex ya matse nasa zuwa daƙiƙa 2 a rana, wato kusan minti ɗaya a wata. Casio F-91W, ɗan baƙin agogon roba da ya fito a 1989 wanda ɗalibai da direbobi ke ɗaurawa, kuskurensa daƙiƙa 30 ne a wata, batirinsa kuma yana kai shekara bakwai. Ashe kuɗin agogo mai tsada na gwanintar ƙira ne, da tarihi, da suna, da yadda mutane ke kallon mai shi. Waɗannan abubuwa ne masu ƙima, amma sha'awar mutane ce ke riƙe da su, sha'awa kuma tana juyawa.

Ta taɓa juyawa. Ranar 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da batir da ƙanƙanin dutsen kwatz, a kan yen 450,000, kuɗin ƙaramar mota a lokacin. Cikin shekara goma irin wannan agogo ya yi araha ya cika duniya. Ma'aikatan agogo a Suwizalan, da suke wajen 90,000 a 1970, suka koma wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980, ɗaruruwan kamfanoni suka rufe. A kamfanin Zenith, masu shi na lokacin suka ba da umarnin a zubar da kayan ƙera injin El Primero, sai wani ma'aikaci mai suna Charles Vermot ya kwashe su ya ɓoye a saman rufin masana'anta. Shekaru bayan haka da sha'awar agogo mai inji ta dawo aka fito da su, har Rolex ya yi amfani da injin a Daytona daga 1988 zuwa 2000. Idan masu kamfanin da kansu sun taɓa ganin abin a matsayin shara, babu wanda zai iya rantsuwa a kan abin da jikokinmu za su so.

Tsofaffin agoguna da labarinsu

A nan ne ake kawo hujja mafi daɗin ji. Daytona na ɗan wasan fim Paul Newman, irin wanda ake sayarwa wajen dala 200 a ƙarshen shekarun 1960, an yi gwanjonsa a Phillips a watan Oktoban 2017 a kan sama da dala miliyan 17. Labarin gaskiya ne. Amma kuɗin na sunan Paul Newman ne, da cewa matarsa Joanne Woodward ce ta ba shi, da hotunan da aka yi ta ɗaukarsa da agogon a hannu. A zamaninsa irin wannan agogo ya sha zama a kantuna babu mai so. Babu wanda ya saye shi a lokacin don ya san zai yi tsada, kuma a kan kowane agogo ɗaya da ya yi irin wannan sa'a akwai dubbai da suka fito tare da shi waɗanda yau ba a tuna sunan kamfaninsu.

Kasuwar tsofaffin agoguna kuma tana da haɗarin da ko masana ba su tsira ba. A watan Nuwamban 2021, a birnin Janiba, Phillips ya yi gwanjon wani Omega Speedmaster da aka ce na 1957 ne, fuskarsa ta koɗe ta koma ruwan ƙasa yadda masu tarawa ke so. An ƙiyasta ba zai wuce faran 120,000 na Suwizalan ba, aka sallama shi a kan sama da faran miliyan uku. Mai sayen kuwa kamfanin Omega ne da kansa, don gidan tarihinsa. A 2023 wani mai bincike mai zaman kansa, Jose Perez, wanda aka fi sani da Perezcope, ya kwatanta hotunan agogon da wasu tsofaffin hotuna, ya nuna cewa an harhaɗa shi ne daga sassan agoguna daban-daban. Jaridar Neue Zürcher Zeitung ta bi diddigin maganar. Omega ya fito ya amsa cewa haka ne, ya ce shi da Phillips duka an damfare su ne, ya kuma zargi tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a ciki. Idan kamfanin da ya ƙera agogo, da kundin tarihinsa a hannu, zai biya faran miliyan uku a kan agogon haɗe-haɗe, ina ga ɗan kasuwar da aka turo wa hoto a WhatsApp? Jabun Rolex na yanzu ma wasu sai an buɗe baya an duba inji da madubin ƙara girma kafin a gane su.

Agogo mai haɗuwa da waya

Shi wannan babu dogon zance a kansa. A 2015 Apple ya fitar da agogonsa na farko, har da na zinari mai karat 18 da kuɗinsa ya fara daga dala 10,000 ya kai 17,000. A 2018 sabuwar manhajar agogon ta daina hawa kansa, a 2023 kuma kamfanin ya saka shi cikin kayan da ya daina gyarawa. Irin wannan agogo yana da amfani na gaske: yana auna bugun zuciya, yana ƙirga taku, yana tunatar da lokacin salla, wasu suna kiran agaji idan mai su ya faɗi. Amma batirinsa yana mutuwa, manhajarsa tana tsufa, sabo kuma yana fitowa kusan duk shekara. A saye shi don amfaninsa, a kuma san cewa kuɗin da aka biya sun tafi.

Wa ke ba mu labarin?

Tambayar da ta fi damuna ita ce daga ina wannan ra'ayi yake zuwa mana. Tun 1996 Patek Philippe yake tallan da ke nuna uba da ɗa, yana cusa tunanin cewa agogon gado ne da ake riƙe wa 'yan baya. Gidajen gwanjo suna shelanta farashin da ya kafa tarihi, kayan da aka rasa mai saye kuwa ba a buga musu ganga. Dillali yana da kaya a ƙasa. Duk waɗannan sana'arsu suke yi, kuma ba laifi ba ne mai kaya ya yabi kayansa. Laifin namu ne idan muka ɗauki yabon a matsayin shawara.

Su kansu mujallun agogo sai an duba wa ke ciyar da su. Yawancinsu da tallan kamfanonin agogo suke rayuwa. Kamfani yakan gayyaci marubuci baje kolin Watches and Wonders a Janiba, ya ɗauki nauyin tafiyarsa, ya ba shi aron agogo, ya nuna masa sabon kaya kafin kowa. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Mujallar Hodinkee, wadda Benjamin Clymer ya kafa a 2008, tana cikin waɗanda suka fi tasiri a duniya, kuma ta ilmantar da mutane da yawa. Daga baya ta buɗe kantin sayar da agogo, a 2020 wani reshen rukunin LVMH, mai kamfanonin TAG Heuer da Hublot da Zenith, ya zuba jari a cikinta, a 2024 kuma rukunin kantunan Watches of Switzerland ya saye ta. Wannan ba ya nufin marubutanta maƙaryata ne. Yana nufin mai karatu ya san inda mai magana yake tsaye. Shi ma Rolex a ƙarshen 2022 ya fara shirin sayar da agogunansa na hannu da shaidar kamfani, a 2023 ya sayi rukunin kantunan Bucherer, don haka tsayuwar farashin na hannu ta zama abin da ya shafi aljihunsa kai tsaye.

Shi ya sa marubuci mai zaman kansa yake da muhimmanci a wannan fage. A labarin Speedmaster ɗin can, wanda ya fara ɗaga murya mutum ne da ba ya cin albashin kamfanin ko na gidan gwanjon. Ana gane irin wannan marubuci da alamomi. Yana faɗin wanda ya biya masa kuɗin tafiya, da ko agogon nasa ne ko aro. Yana ambaton aibin kaya yadda yake ambaton kyansa: cewa ya yi kauri, ko maɗaurinsa yana cin gashi, ko kuɗinsa ya fi aikinsa. Yana raba farashin da ake nema da wanda aka sallama. Yana faɗin kuɗin sabis. Yana iya cewa Seiko ko Orient na 'yan ɗaruruwan daloli ya wadatar, ba tare da tsoron ɓata wa wani rai ba. Idan kuma yana sayar da abin da yake yabo, yana faɗa tun a farkon rubutu. Wanda duk agogon da ya taɓa ya ce babu kamarsa, kuma kowane rubutunsa ya ƙare da cewa a yi sauri kafin farashi ya tashi, ɗan talla ne ko da bai amsa sunan ba.

Matsayata

Ban ce kada a sayi agogo mai tsada ba. Wanda Allah ya hore wa, ya sauke haƙƙoƙin da ke kansa, yana kuma jin daɗin ƙira mai kyau, ya saya ya ɗaura, ya bar wa ɗansa. Wasu za su sayar da riba, musamman waɗanda suka shafe shekaru suna karatun abin har ya zama sana'arsu, su kuwa 'yan kasuwa ne da suka san ana riba ana faɗuwa. Abin da nake musu shi ne a ce wa mutumin da bai san harkar ba kuɗinsa suna nan lafiya don sun koma agogo.

Ga 'yan uwana masu wancan ra'ayi, ina roƙon abu uku. Ku auna ribar da dala, bayan cire kuɗin sabis da la'ada. Ku sayi agogo da kuɗin da idan rabinsu ya tafi ba zai taɓa gida ko jari ba. Kafin ku karɓi shawarar kowa, ku tambayi abin da zai samu idan kun saya. Ga marubutanmu na Hausa kuma, fagen nan a buɗe yake. Mutanenmu suna kashe miliyoyi a kan agogo a Dubai da Makka da Landan, yawancinsu kuma ba su da wanda zai yi musu bayani da harshensu in ban da mai sayarwa. Muna buƙatar masu rubutu da za su koyi injin, su bi farashi, su ƙi karɓar kyautar dillali, su faɗa wa mai saye gaskiya tun kafin ya ƙirga kuɗinsa.